Abin da Reza Ta Kankare

Takardu biyu suka faɗo wa Inna a mako ɗaya, ita da ko sunanta ba ta iya karantawa. Ta farko mai gidan haya ne ya manna ta a ƙofa: ya sayar da gidan, masu saye rushewa za su yi, kowa ya kwashe komatsansa kafin wata biyu. Ta biyu ɗanta Fenta ne ya yago ta daga jikin wani bango da aka ba shi ya kankare.

Fenta dai ba a san shi da zama ba. Daga aji biyu na sakandare ya ajiye biro, wai benci na cizonsa. Ya yi faci, ya yi yaron mota, ya yi tallan gilashin ido, sai fenti ya riƙe shi, don shi ne sana'ar da kullum bango sabo ne, unguwa sabuwa. Ɗan karatun da ya rage masa ya ishe shi ya gane abin da ke takardar. Hukumar birni ta gina sababbin benaye. Duk wanda ya zauna a tsohuwar unguwar bayan tashar jirgi, wadda aka rushe shekara ashirin da biyar da suka wuce, kuma ba a ba shi madadi ba, ya kawo shaida daga takardun hukuma kafin ƙarshen wata, a ba shi ɗaki da falo.

"Inna, ba a can aka haife ki ba?"

"A can aka yanke mini cibiya," in ji Inna tana naɗe tabarma. "A can na koma da kai a goye da babanka ya rasu. Sai da katafila ta taɓa bangonmu na fita. Tambayi Kawunka, shi ya tsaya gabanta da ƙirjinsa."

Wannan labari Fenta ya ji shi ya fi a ƙirga: yadda Kawu, yayan Inna, ya tare katafila, yadda hukuma ta watsa su ko allura ba ta ba su ba, yadda Kawu ya yi guminsa ya mallaki gida mai ɗaki huɗu, Inna kuwa ta shiga haya, daga wannan ɗaki zuwa wancan. Ya kira Kawu a waya ya karanta masa takardar.

Kawu ya yi dariya. "Kai yaro, bar wahalar da kanka. Takardun zamanin nan gara ta gama da su. Je ka nemi aikin da zai kawo muku abinci."

Da Kawu ya san ɗan ƙanwarsa, da bai ce masa bari ba. Washegari Fenta ya jingina tsaninsa, ya nufi ofishin hukumar birni.

Ma'ajiyar takardu a ƙarƙashin ginin take, matakala goma sha biyu, ƙwan fitila biyu, taga ɗaya can sama daidai da ƙafafun masu wucewa. Kantoci na ƙarfe sun yi layi, kundaye ɗaure da igiya, wasu sun kumbura don danshi. Wani tsoho mai tabarau ɗaure da zare yana zaune gaban fanka, shi ne Mai Ajiya.

Fenta ya gaishe shi, ya faɗi sunan Inna da na babanta.

"Riƙe sunanka, samari. Nan ba a neman talaka da suna, lamba gare shi. Ƙofa ta nawa?"

"Wace ƙofa, Baba?"

"Ka ji 'yan zamani. Duba-gari ne suka bi unguwar nan gida gida, suka shafa wa kowace ƙofa jar lamba, suna rubuta masu kwana a ciki. Ba lamba, ba mutum. Kai ma fenta ne na gani, ga shi har a kunnenka. Abokan sana'arka ne."

Inna ba ta san lamba ba. Abin da ta sani shi ne ƙofarsu ce ta uku daga famfon unguwa in ka ba tasha baya, tana kallon shagon mai katifa, akwai wani makaho mai gyaran rediyo a gefen dama. Da wannan Fenta ya koma. Mai Ajiya ya sa shi ya sauko da taswirar masu ruwan famfo, suka shimfiɗa ta a ƙasa, suka danne gefenta da takalma. Famfo biyar ne a unguwar. Suka buɗe rajistar duba-gari, inda aka rubuta sana'ar kowane mai gida, suka shiga farautar mai katifa.

Kwana uku ya yi a ramin nan, shi da ko a gidan aski ba ya jure layi. Ƙura ta toshe masa hanci, igiya ta yanke masa yatsa. Amma abin ya fara shigarsa. Unguwar da ya sani a matsayin filin ajiye motoci da gadar sama ta riƙa miƙewa a gabansa layi layi: ga masu wanki, ga leburorin jirgi, ga ungozoma a ƙofa ta goma sha ɗaya, ga wani da aka rubuta masa "ba ya buɗe ƙofa" shekara shida a jere. Rana ta uku da hantsi ya sami mai katifa a ƙofa ta hamsin da takwas, mai gyaran rediyo a sittin da biyar.

"Sittin da huɗu!" Ya yi tsalle har kansa ya bugi kanta.

"Yi a hankali, kantar ta girmi ubanka," in ji Mai Ajiya. "Karanta mu ji."

Ya karanta. Mai gida, sunan kakansa, birkila. Matarsa. Ɗa namiji ɗaya. Ya juya shekara ta gaba, haka. Ta gaba, haka. Shekara goma sha huɗu, mutum uku, babu Inna.

Da ya kai mata labari, maimakon ta yi kuka sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

"Ƙarƙashin gado nake! Wayyo Allah, Kakarka. Doka ce, ɗaki ɗaya mutum uku, in an wuce a ci ku tara. To mu huɗu ne. Da an ce ga duba-gari nan sai ta tura ni ƙarƙashin gado, ta saki zanen gado har ƙasa. Kawunka ake bari a waje, don shi ya iya gaisuwa, kuma ba ya majina. Wata rana har barci na yi, aka yi ta nemana a unguwa."

"Inna, dariya kike? Kin san ɗaki da falo kika kwanta a kai a ƙarƙashin gadon nan?"

Dariyar ta yanke. Ta dubi ledar da ta fara tara tufafinta a ciki.

Mai Ajiya bai yi mamaki ba. "Ai duk unguwar haka suka yi. In ka bi littafin nan, kowane gida ɗa ɗaya tak suka haifa, sai ka ce an yi musu rabo da cokali. Sun ɓoye 'ya'yansu kada a ci su tara, yau 'ya'yan na zuwa suna nemo kansu ba sa gani." Ya share tabarau da bakin riga. "Lokacin da kakanka ya ƙara ɗakuna, duba-gari sun riga sun daina yawo. Saura wuri ɗaya, ƙidayar da aka yi kafin rusau. Wancan kwalin na sama, mai ɗigon ruwa. Hau, ai hawa sana'arka ce."

Littafin ƙidayar dogo ne, mai baƙin bango. A shafin farko an jera ma'aikatan da suka yi aikin. Na ƙarshe, ɗan jagora mai ɗaukar littafi, sunan Kawu ne. Fenta ya karanta sau biyu. Mutumin da ya tare katafila da ƙirji, ashe shi ya yi wa masu ƙidaya jagora. Ya ce a ransa, to, wataƙila yunwa ce ta sa, ya ci gaba da buɗawa.

Ƙofa ta sittin da huɗu. Layi na farko sunan Kawu, mai gida. Layi na biyu sunan Inna, cikakke, da na babanta, har an ƙara "da goyo". Murna ta kama shi, ga Inna, ga shi ma kansa a bayanta. Sai idonsa ya kai kan gurbin dangantaka. An rubuta: baƙuwa. A gefen shafin, da jar tawada da hatimi: an ba da madadi, gida mai ɗaki huɗu, layi na tara, gida na biyu.

Layi na tara, gida na biyu. Fenta ya san gidan nan fiye da tafin hannunsa. Duk ƙarshen damina shi yake shafe shi ciki da waje, kyauta, don gidan Kawu ne. Ya san inda bango ke tsotsar ruwa, ya san tagar da ba ta rufuwa. Ana zaton wuta a maƙera, ga ta a masaƙa.

Ya daɗe yana kallon kalmar nan, sai idon sana'a ya fara aiki. Wanda ya shekara bakwai yana kankare bango ya san wurin da aka taɓa. Takardar ta fi haske a gurbin, tawadar ta ɗan bazu kamar fenti a kan danyen siminti. Ya shafa da yatsa, ya ji kaushi. Ya ɗaga littafin ya karkata shi wajen tagar nan ta sama. A ƙarƙashin sabon rubutun, sawun biro na farko yana nan kwance a jikin takarda: ƙanwa, magajiya.

"Baba, zo ka gani. Reza aka sa."

Mai Ajiya ya duba, ya daɗe, ya sauke numfashi. "Shekara talatin ina nan, ban taɓa karkata shi haka ba. Ka san dokar lokacin? Gida ɗaya, madadi ɗaya. In magada biyu ne, a ja bango a tsakiya, kowa ɗaki biyu. In ɗaya ne, ya haɗiye duka." Ya rufe littafin a hankali. "Baƙo ba ya cikin waɗanda za a ba benen nan. Sai fa in mai gidan ya zo da ƙafarsa gaban akawu, ya rantse kuskure aka yi. Yana raye?"

"Yana raye. Har tumbi gare shi."

Mai Ajiya ya ɗaukar masa hoton shafin a inji. Fenta bai biya gida ba. Da rana tsaka ya isa layi na tara, ya tarar da Kawu a baranda kan kujerar roba, yana raba wa maƙwabta nasiha. An san Kawu da kirki a layin, shi ke sasanta ma'aurata, shi ke kai mara lafiya asibiti da motarsa. Inuwar giginya ke nan. Fenta ya jira suka watse, ya ajiye hoton shafin a kan cinyarsa.

Kawu ya duba, ya nemi tabarau, ya fasa sawa.

"Wa ya aike ka tonon kabari?"

"Ɗaki biyu na Inna ne a gidan nan, Kawu."

"Kai! Ni kake wa lissafin ɗaki? Yaushe aka haife ka? Lokacin da kake tsotson yatsa wa ya saya maka maganin ƙyanda?"

"Ni na shafe bangon da kake jingine da shi. Sau bakwai. Kana ce mini Allah ya yi albarka."

Kawu ya waiga ya ga ko matarsa na ji, sannan ya sassauta murya. "Zauna, ɗana. Ba ka san zamanin ba. Ina da mata da 'ya'ya uku, uwarka kuwa yarinya ce, na ɗauka wata shida za ta yi wani ya aure ta ya ba ta ɗaki. In an ja bango, ta yi aure, mijin ya shigo ya gaje mana gidan uba. Na ce in riƙe mana. Riƙewa na yi."

"Shekara ashirin da biyar kana riƙewa, tana yawo da tabarma."

"To yanzu me kake so? Ka kai ni kotu, duniya ta yi mana dariya?"

"Ba na son gidanka. Ranar Alhamis ake rufe rajista. Ka zo ka ce kuskure aka yi, a ba ta nata a bene. Shi ke nan."

"Wannan ne kawai?" Fuskar Kawu ta saki. "Haba, ai da ka faɗa tun farko. Zan zo. Amma kada ka gaya mata zancen nan, hawan jini gare ta. Mu maza mu kashe wutar a tsakaninmu."

Fenta ya yarda, kuma nan ya yi wauta. Abin da ya ce wa Inna kawai shi ne an sami sunanta, ana bukatar Kawu ya yi shaida. Inna ta ɗaga hannu sama. "Ka gani? Naka sai naka. Yaya ba zai bar ni a titi ba." Har ta fara tambaya ko benen na da wurin shanya.

Ranar Alhamis tun ƙarfe bakwai suna kan benci a ofishin rajista, tsakanin tsofaffi masu rungume da fayil. Inna ta ga wata da suka yi ɗibar ruwa tare a famfo, suka rungume juna suna lissafa waɗanda suka mutu. Ƙarfe goma sai ga Kawu cikin riga mai guga, yana ƙamshin turare. Inna ta miƙe ta ba shi wurinta.

Akawun mace ce, mai saurin magana, ta gaji tun kafin rana ta yi. Ta karɓi hoton shafin, ta karanta da ƙarfi yadda take wa kowa.

"Ƙofa ta sittin da huɗu. An ba da madadi, gida mai ɗaki huɗu, layi na tara, ga mai gida. Ke kuma an rubuta ki baƙuwa. Baba, kai ne mai gidan?"

"Ni ne."

Inna ta juyo. "Wane madadi? Yaya, ba ka ce ba a ba mu komai ba?"

"Bari, za mu yi magana a gida."

"Baba, saurara da kyau," in ji akawu. "In ka rantse cewa 'yar gida ce, zan sa ta a rajista yanzu. Amma doka ta ce in gaya maka: da ka sa hannu za a buɗe tsohon fayil ɗinka, a sake duba yadda aka ba ka gidan. Abin da zai biyo baya ba a hannuna yake ba. Ga biro."

Wannan Mai Ajiya bai faɗa ba, wataƙila shi ma bai sani ba. Kawu ya karɓi biron. Ya juya shi, ya cire murfin, ya mayar. Fenta yana kallon gumi na tsattsafowa a bayan wuyansa.

"'Yata, shekara ashirin da biyar ba kwana biyu ba ne," in ji Kawu. "Rantsuwa abu ne mai nauyi. Gaskiya ba zan iya tunawa ba. Lokacin tana zuwa, tana komawa."

"Komawa ina, Yaya?"

Inna ba ta ɗaga murya ba, amma duk bencin ya juyo.

"Mijina na ƙasa. Ina zan koma? Ni na yi jinyar Baba a ɗakin tsakiya har ya cika. Ni na rufe masa ido kana wurin aiki. Komawa ina?"

Kawu ya ajiye biron a kan tebur, yana kallon kalandar bango.

"Kankarewa aka yi!" Fenta ya buga tebur. "Da reza! Ƙanwa aka rubuta, magajiya, na gani da idona. Ki duba!"

Akawu ta ɗaga hoton ta duba, ta juya bayansa. Inji ya fitar da shafin fes, fari tas, ba kaushi ba sawu.

"Ni baƙuwa nake gani a nan."

"Littafin yana ƙasa, matakala goma sha biyu! In ɗauko?"

"Ba ya fita sai da takardar alƙali. Ku je kotu, in sun ba ku gaskiya, to. Amma rajista yau da sha biyu nake rufe ta, ɗakunan kuma za a gama raba su kafin sati." Ta dubi Inna, muryarta ta ɗan yi laushi. "Ki yi haƙuri, Mama. Na gaba!"

A waje rana ta buɗe. Fenta ya cusa hannuwansa aljihu don kada su yi abin da za a daɗe ana faɗa. Kawu ya biyo su yana goge fuska da hankici.

"Kin ga, kada ki ɗauki zancen yaro da zafi. Ba za ki kwana a titi ba ina raye. Akwai ɗakin ajiyar nan na bayan gida, in an fitar da tayoyi da buhunan siminti, aka share, zai ɗauki katifa. Yaron nan ya shafa masa farar ƙasa. Ki zauna kafin Allah ya kawo wani."

"Na gode, Yaya."

Bakinta ne ya faɗa, don ya saba. Fenta ya ga lokacin da kunnenta ya ji abin da bakin ya ce. Ta sa tafin hannu ta rufe shi, ta tsaya haka, idonta a kan yayanta, har Kawu ya kasa, ya shiga lalube aljihu yana neman makullin motar da ke hannunsa.

"Ku shigo in sauke ku."

Inna ta juya ta kama hanya. Ba ta nufi tashar bas ba, ƙafa ta sa, Fenta na biye da ita da fayil a hammata. Sun wuce gidan mai, sun wuce masu walda. Sai da suka kai kwanar layinsu ta tsaya.

"Kai ma ka sani, ka bar ni na ba shi wurin zamana."

"Cewa ya yi hawan jininki, Inna."

"Hawan jinina." Ta gyaɗa kai. Ta dubi shagon mai kayan masarufi da ke tsallake. "Je ka tambaye shi ko yana da kwalaye. Manya. Ka ce masa guda shida, da igiya."